Muhawara: Shin "I like to read" da "I like reading" ɗaya ne?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce "I like to read" ɗabi'a take nunawa, "I like reading" kuma jin daɗi. Ni dai ban gamsu ba, ga jarrabawar WAEC ta ƙarato. A taimaka mini.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. 'Yata, malaminki bai yi kuskure ba. A Turancin Ingila, idan mutum ya ce "I like to see the dentist twice a year", ba daɗin zama gaban likitan haƙori yake ji ba. Ya dai ɗora wa kansa ne, don ya ga hakan ya dace. Mu da Hausa sai mu ce "nakan je". Wanda kuwa ya ce "I like swimming", iyo ne yake masa daɗi har cikin ransa.

Mai fassara: Malam, a gafarce ni, amma an cika zafafa wannan doka. Na daɗe ina fassara rubutun Amurkawa, kuma su "I like to swim" suke cewa kai tsaye, jin daɗin suke nufi. A misalinka ma, "twice a year" ce ta kawo ma'anar sabo, "to" ba ta yi komai ba.

Malamin Turanci: To Yaya, bar "twice a year" ɗin a wurinta, ki ce "I like seeing the dentist twice a year". Duk mai jin Turanci zai ɗauka zuwan ne yake miki daɗi. Me ya sauya ban da siffar aikatau? Abin da ke damuna, yara su haddace cewa duk ɗaya ne, ranar da suka ci karo da irin wannan jimla a karatun fahimta su kasa gane nufin marubuci.

Mai fassara: Wannan na yarda. Sai dai bambancin yana fitowa ne idan aikin ba mai daɗi ba ne, kamar biyan bashi da wuri ko tashi da asuba cikin hunturu. A karatu ko ƙwallo, ba wanda zai tsaya rarrabewa. Kuma bai kamata a soke wa yaro amsa don ya rubuta "I like to read" yana nufin karatu na burge shi ba.

Dattijo mai ritaya: 'Ya'yana, ku biyun kuna da gaskiya, amma na fi karkata wajen mai fassara. A tsohon Turanci kalmar "like" ita ce "lician", ma'anarta abu ya yi wa mutum daɗi, kamar yadda muke cewa "ya yi mini". Jin daɗin shi ne asali. Mu Hausa ta raba mana aiki: "kan" na sabo, "jin daɗi" na zuciya. Inda babu gardama shi ne "would like": dole "to" ta biyo, ba a cewa "I would like going".

Ɗaliba: Na gode Baba. Kenan "I like to pray on time" ya fi dacewa da nufin nakan kula da salla a kan lokaci?

Malamin Turanci: Haka ne, 'yata.

Mai fassara: A wannan jimlar ni ma "to" zan sa.