Muhawara: Wai ɗaliban Koriya da ido suke koyon Turanci?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ana yawan cewa ɗaliban Koriya ta Kudu da ido suke koyo: a ba su littafi da allo su haddace, amma kada a ce su buɗe baki. Akwai ma binciken Joy Reid na 1987 a kan baƙin ɗalibai a Amurka, wanda ya nuna 'yan Koriya sun fi kowa zaɓen koyo ta hanyar gani. Ni a ganina tunda haka suke, a koyar da su yadda suke so. Tilasta musu surutu a aji ɓata lokaci ne.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Reid tambayar ɗaliban ta yi me suka fi so, ba ta auna me ya fi sa su iya ba. Abin da yaro ke so daban, abin da ke amfanarsa daban. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi a kan wannan batu, ba su sami gamsasshiyar hujja cewa daidaita darasi da salon ɗalibi na ƙara masa fahimta ba. Kuma harshe ne fa. Ta yaya mutum zai iya magana bai taɓa yin ta ba?

Nura: Malam, da izininku. Na yi karatu a Koriya, na zauna ɗaki ɗaya da su. Abin da kuke kira hali, jarrabawa ce ta dasa shi. Suneung, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba, takardarta ta Turanci tambaya 45 ce cikin minti 70, 17 na saurare, sauran na karatu, duk zaɓi-ka-cike. Babu magana, babu rubutu. Lokacin sauraren har jiragen sama ake hana tashi da sauka don kada ƙara ta dami yara. Yaron da ya fara Turanci tun aji uku na firamare, kamar yadda ake yi tun 1997, ya yi shekara goma yana shirin wannan yini, me zai sa ya ɓata dare wajen hira? Abokin ɗakina yana karanta mujallar kimiyya da Turanci ba ya ko duba ƙamus, amma in baƙo ya tambaye shi hanya sai gumi ya keto masa.

Malam Sani: To ai ka goyi bayana, Nura. Kunya ce, a jininsu take.

Nura: A'a Malam. Tsoron kuskure a gaban mutane akwai shi, ban musa ba. Amma wannan abokin nawa da dare yana wasan kwamfuta da 'yan wasu ƙasashe, yana ta ihu da Turanci, daidai da ba daidai ba. A can babu mai cire masa maki.

Hajiya Binta: Ni duk ban yarda da yadda kuke zagin jarrabawar nan ba. Tsoron faɗuwa ma ƙaimi ne. Mu nan ba don kiredit ɗin Turanci a WAEC ba, yara nawa za su buɗe littafin? Su ma bayan jami'a jarrabawar Turanci ta TOEIC na jiransu kafin kamfani ya duba takardunsu. Mai neman abinci ba sai ya ƙaunaci Ingila zai dage ba.

Malama Hadiza: Hajiya, gaskiyarki, yana sa a dage, amma zuwa yaushe? Zoltán Dörnyei, masanin koyon harshe, ya bambanta masu koyo iri biyu: akwai mai koyo don yana hango kansa yana amfani da harshen, akwai mai koyo don kada ya kunyata iyaye. Na biyun, ranar da sakamako ya fito yake ajiye littafi. Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin. A 2023 iyaye a Koriya sun kashe sama da won (kuɗin ƙasar) tiriliyan 27 a kan karatun bayan makaranta, Turanci na cikin masu cin kaso mafi tsoka. Yara na fitowa daga hagwon, wato makarantun lesin, a unguwar Daechi ta Seoul ƙarfe goma na dare. Wasu iyaye maza ma su kaɗai ke zama a gida, sun tura mata da 'ya'ya Kanada ko Amurka. Duk wannan wahala, sannan a ce wa yaron kai mai koyo da ido ne, yi shiru?

Hajiya Binta: Ai gwamnatinsu ta sassauta. Tun jarrabawar Nuwamba 2017, duk wanda ya ci maki 90 a Turanci ya sami matakin ƙoli, ba a gwada shi da sauran.

Nura: Haka ne, Hajiya, sai dai tambayoyin ba su sauya ba. An taɓa ƙirƙiro wata jarrabawa mai suna NEAT da ke auna magana da rubutu, da niyyar ta maye gurbin wannan takarda, aka yi watsi da ita.

Malam Sani: Har yanzu ina nan a kan cewa yara sun bambanta. Akwai wanda in bai ga kalma a rubuce ba, ba ta zama masa. Amma ku amsa mini wannan: malamar da ke gaban aji a birnin Busan na Koriya, iyaye na jiran maki a Nuwamba, awa nawa za ta ware wa hira a mako?