Ruwan indararo ya dame mu a lungu, wa ya taɓa tare na rufinsa?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ruwan daren Talata ya sake shigo mana zaure, har ya jiƙa buhun masara. Tun da gidajen layinmu suka shafe tsakar gida da siminti, duk abin da ya sauko daga kwano lungu yake nufa, lambatu kuma ya cika da leda. Ina so in tare ruwan rufina. Wa ya taɓa gwadawa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Fara da lissafi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya yake bayarwa. In rufinka mita 10 ne tsawo, 10 faɗi, aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke nan, wato jarka 120 mai lita 25. Gida ɗaya fa. Da can kududdufan Kano ne ke shanye irin wannan ruwa, yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai.

Maman Khalifa: Mu damina biyu ke nan muna yi. Mai aikin famfo ya zagaye bakin kwano da kwata, ya haɗa bututu zuwa tanki mai lita 2,000. Shawarata, kada ka bar ruwan farko ya shiga. Ranar da muka fara, baƙi ƙirin ya sauko, ƙurar rani da kashin tattabaru. Sai da aka sa wani guntun bututu mai marfi a ƙasa, shi yake fara cika kafin mai kyau ya wuce. Ka kuma ɗaure bakin tankin da raga saboda sauro. Wanki da wanke-wanke muke yi da shi, ba ma sha.

Injiniya: Hajiya ta yi daidai, amma ga inda aka fi kuskure. Tankin da ya cika jiya ba abin da zai tare yau. A watan Agusta da ake ruwa a kai a kai, sai an rage shi kafin hadari ya haɗo. Ka buɗe famfon ƙasa kaɗan ya riƙa tsiyaya, abin da zai fita cikin minti 20 ya ɗauki yini.

Nura daga Holan: Haka suke yi a nan, Yaya. A Amstadam akwai gidajen da aka shimfiɗa wa akwatunan roba a kan rufi, ƙasa da tsirrai a samansu, ruwa na taruwa a ƙarƙashi. Akwai makunnin da ke buɗe wa ruwan hanya, yana bin hasashen yanayi, in ana sa ran ruwa mai ƙarfi ya saki na ciki tun da wuri. Da zafi kuma ruwan yana sanyaya saman bene.

Baban Amira: To ni ɓangare ɗaya rufin kankare ne. In toshe indararon ya taru a sama?

Injiniya: Don Allah kada ka yi! Ruwa mai zurfin santimita 10 kilo 100 ne a kan kowane murabba'in mita. Sai an duba ƙarfin rodi da ginshiƙai, an yi shimfiɗar hana yoyo, an bar mafita ta biyu ko da ta farkon ta toshe. Masu soron ƙasa da azara kuwa kada ma su fara, bango zai jiƙe ya zauna.

Malam Habu: Ku ƙara da wannan. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda birnin Chennai yake, tun 2003 doka ta wajabta tara ruwan rufi, kuma gidaje da yawa cikin ƙasa suke mayar da shi. Ni ma rarar tankina rami na haƙa mata, na cika shi da duwatsu da tsakuwa, yashi a sama. A dai nisanta shi da shadda da tushen gini.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Khalifa, a turo min lambar mai famfon. Injiniya, gobe bayan la'asar zan auna rufin in aiko maka.