Mota ta daɗe a ajiye, batiri ya mutu: ku ya kuke yi?

Mai Hiace, Zango:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Hiace da na cire kujerun baya na sa katifa da ƙaramin frigo da ampul biyu, da ita nake bin kasuwannin Mirriya, Magariya, Matameye wani lokaci har Tanut, inda dare ya same ni nan nake kwana. Batiri biyu ne a ciki, ɗaya na tada mota ɗaya na frigo da fitila. Bana na tahi Kano jinyar tsohuwa na yi wata uku, da na dawo na murɗa kle ko tari ba ta yi ba, duka biyun sun mutu kuma na frigon ko shekara bai cika ba. Ga wata tahiyar ta taso bayan salla. Don Allah wanda ya taɓa ajiye mota haka ya faɗa mana yadda ya yi.

Mekanisiye, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Irin wannan kullum sai an kawo mana shi garaj. Mota ko a kashe take tana tsotsar wuta kaɗan kaɗan, agogo, rediyo, alam duk suna ci. A ce miliyampa 50 kawai take ja, a wata guda ya kai ampa 36, batirin Hiace ɗin ka ce ampa 70 ne, to ka ga kafin wata biyu ya ƙare ke nan. Kuma batirin asid in ya zauna babu caji farin gishiri ke kama farantan ciki, ko an yi mishi caji daga baya ba ya riƙewa kamar da. Ni abin da nake gaya wa kowa, cika shi tukuna, auna da testa ka ga volt 12.6, sannan ka ɗauki kle 10 na kwance noti ka kwance kos ɗin mwans, wato kan wayar da ke gefen batiri mai alamar (-), shi ake fara cirewa ba plus (+) ba don kar kle ya taɓa ƙarfen mota ya yi tartsatsi. Ka lanƙwasa wayar gefe ka ɗaure.

Hajiya, Birni:
Ni kuskuren da na yi shekarar da muka tahi aikin hajji, na bar wa ɗan ƙanena kle na ce kowace safiya ya tada motar minti biyar ya kashe. Yaron wallahi ya yi yadda na ce, amma kafin mu dawo ta daina tashi. Sai mai gyara ya ce mini wutar da demara, wato abin da ke murza inji, ke zuƙa in za a tada mota, minti biyar a tsaye ba ya mayar da ita, kullum ana ɗiba ba a zubawa. Ya ce ko dai a hita da ita kan titi rabin awa ko a ƙyale ta. Tun daga nan cire waya nake sa a yi.

Mai haɗa sola, Karkada:
Yaya mai Hiace kai da rana ke dukan rufin motarka a banza, sa ƙaramin panon sola wat 20 ya ishi riƙe batiri ɗaya. Amma don Allah da regulata, abin da ke hana caji ya wuce kima, kar ka haɗa kai tsaye, na taɓa yi wa motar babanmu haka da pano babba don gudun kashe kuɗi, sati kaɗan ruwan batirin ya ƙafe har gefensa ya kumbura, na sha faɗa ranar. Sai kuma ƙura, lokacin hunturu in ba a samu mai goge panon duk sati ba kamar ka lulluɓe shi da bargo ne.

Tsohon direban kamiyo, Garin Malam:
Yarana ni shekaru na yi ina hanyar Agadas, kuma abin da ba ku ambata ba shi ne zahi. Watan Afrilu da Mayu a nan Damagaram ana wuce 40 a inuwa, to ina ga cikin mota rufe a tsakar gida. Batiri ko ba a haɗe da komai ba yana sauke kansa, kuma zahi ke ƙara mishi sauri. Ni fiddo shi nake yi gaba ɗaya in kai ɗakin ƙasa mai sanyi inda iska ke shiga kuma yara ba sa wasa, in goge samansa don ƙura da jiƙar asid su ma hanya ce da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu, in shafa giris kaɗan a kawunan. In mai murfi ne duba ruwansa, ya rufe farantan, kuma ruwan batiri na kwalba za ka zuba, ba na pompo ba ba na rijiya ba, asid kuwa ba a ƙarawa. Duk wata a auna, ya sauko 12.4 a kai caji.

Mekanisiye, Sabon Gari:
Baba ya yi gaskiya. Sai dai mai motar zamani ya tabbata yana da kod ɗin rediyonsa kafin ya cire, wasu suna kullewa.

Mai Hiace, Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗazu na leƙa ƙarƙashin gadon sai na ga konbatisa ɗin da nake cajin waya da shi, wato abin da ke juya wutar batiri ta koma irin ta gida, a kunne yake, ɗan jan idonsa kawai ke nunawa shi ya sa ban lura ba, kuma wanda ya yi mini haɗin wayoyi ya haɗe batiran biyu kai tsaye babu abin raba su, ke nan shi ya shanye na frigo ya bi ya shanye na mota. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a raba su a sa maɓallin yankewa. Na motar zan fiddo shi in kai ɗakin kakanmu kamar yadda Baba ya ce, na frigon kuma mai sola zan neme ka ranar Alhamis in na dawo daga Kasuwar Dole.