Na rufe lambu da busasshiyar ciyawa, sai ciyawa ta ƙaru. Ina na kuskure?

Sabuwar Mai Lambu:
Assalamu alaikum. Masu sanin harkar lambu, don Allah ku taimaka min. Bayana ya gaji da duƙawa cirar ciyawa a fangalin tumatir da barkono, ga shi ba na son fesa magani tunda yara na shiga wurin. Aka ce in shimfiɗa busasshiyar ciyawa tsakanin shukar, na yi. Sati uku ke nan. Yau da safe na ɗaga shimfiɗar da hannu, sai ga tsiro cunkus, kore shar, har da wata ciyawar da ban taɓa gani a wurin ba. Ko dai dabarar ce ba ta aiki?

Tsohon Manomi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tana aiki. Amma faɗa min, ciyawar da kika kwaso ta riga ta fid da kai kafin a yanke ta? In haka ne, ai iri kika yafa da hannunki, kika kuma yi masa ban ruwa. Sannan in kin tsaya a kai, kina hango ƙasa ta tsakanin ciyawar?

Sirrin abin haske ne. Yawancin ƙananan irin ciyawa sai sun ga haske suke tsirowa, wanda ya tsiro a duhu kuwa ƙarfinsa ke ƙarewa kafin ya huda. Saboda haka kauri ya kai santimita 7 zuwa 10, kamar faɗin tafin hannu, kuma sai kin nome wurin tas kafin ki rufe. Shimfiɗa marar kauri danshi kawai take riƙe wa ciyawa.

Sabuwar Mai Lambu:
Kash! Baba, duka biyun na yi. Har 'ya'yanta na gani suna zuba a zanina, ban kawo komai a raina ba.

Mai Ban Ruwa:
Hajiya, ki nemi karan masara ko na dawa da aka sassare, ko buntun shinkafa, ko busasshen ganye. Sai dai kada ki manna shi da gindin shuka, ki bar tazarar yatsa uku, in ba haka ba gindin ruɓewa yake yi, gara ma ta samu hanya. Kuma a sama ake barinsa. Ni na taɓa cakuɗa garin katako da ƙasa, ganyen barkonona ya koma ɗorawa, ashe wajen ruɓewa yake janye sinadarin naitirojin da shuka ke ci.

Jiji da kiri-kiri kam kada ki sa rai. Ƙarfinsu a saiwa yake, hudo shimfiɗar suke yi, sai an tono su.

Sabuwar Mai Lambu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kwashe ta in nome. To wadda na kwashe fa, in tara ta ta ruɓe ta zama taki, ko irin zai sake dawo min?