Fita da ɗalibai nazarin ambaliya a kogin Haɗejiya: me za su auna, kuma yaushe?

Malamar Labarin Ƙasa: Assalamu alaikum. Muna shirin kai ɗaliban aji biyu na babbar sakandare, su 40, su ga yadda ambaliya ke faruwa a kogin Haɗejiya da yadda ake shawo kanta. Yini ɗaya gare mu. Wane wata ya fi, ina za mu tsaya, kuma wane awo yara za su iya da kayan da ba su da tsada?

Mai Awon Ruwa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ku je a Agusta ko Satumba, lokacin kogi ya cika ya batse, gaɓa tana zabtarewa. Ku bari sai Nuwamba zuwa Janairu: ruwa ya ja, amma shatinsa na nan a jikin bango da bishiyoyi.

Awon gudun ruwa a ƙaramin reshe ake yi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ku kafa turaku biyu a gaɓa, tsakaninsu mita 10. A saki lemon zaƙi a ruwa ɗan sama da turken farko, a ɗauki lokacin da zai yi daga turken farko zuwa na biyu da agogon waya, sau uku, a fitar da matsakaici. Lemo ya fi gorar roba, don gora iska ce ke tura ta. In ya ɗauki daƙiƙa 25, gudun mita 0.4 ke nan a daƙiƙa. A ninka da 0.8, saboda ruwan da ke saman kogi ya fi na ƙasansa sauri, sai a sami 0.32. Daga nan a miƙa igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, a auna zurfi da sanda duk bayan santimita 50. Faɗi mita 4, matsakaicin zurfi rabin mita, ya ba da murabba'in mita 2. A ninka da 0.32, ruwan da ke wucewa kubik mita 0.64 ne a daƙiƙa. Inda yara ke yin kuskure shi ne su tsaya ta ɓangaren da ruwa ke zuwa wa sanda suna tare shi, ko su zaɓi lanƙwasa maimakon miƙaƙƙen wuri.

Ɗan Fadama: Awon nan yana da kyau, amma shi kaɗai ba zai nuna musu dalilin ambaliyar ba. Ku fara tsayawa a gadar Wudil, ƙasa da inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu. A nan za a yi musu bayanin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Kafin su, kogin kan kusa ƙafewa da rani. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, sai ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe rassa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya fantsama gonaki. Ku nuna musu wannan da ido a wajejen Auyo ko Haɗejiya, su kuma auna tsayin jinga da faɗinta, su kwatanta da shatin ruwan da ke bango.

Gwajin yadda ƙasa ke shan ruwa ma ba ya cin kuɗi. A cire wa gwangwani gindi, a buga shi santimita 5 cikin ƙasa, a zuba ruwa santimita 10, a ga minti nawa zai tsotse. Sau ɗaya a jigawa, sau ɗaya a laka.

Mai Awon Ruwa: Gaskiya ne, Malam. Sai dai Wudil da Haɗejiya a yini ɗaya, da awo a tsakani, sai an yi sammako sosai. Malama, ki raba su rukuni biyar, kowane da babba ɗaya, ki aika wa dagaci takarda tun da mako guda domin ya haɗa ku da masunta da manoman da za su faɗi shekarun da ruwa ya fi ɓarna. Wanda zai shiga ruwa ya sa takalmin roba mai tsawo, kuma a guji kwantaccen ruwa mai ciyawa, don can katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take.