Wannan ɗan ƙarfen da ke cikin bonet, me za mu kira shi?

1/ Jama'a ku taya ni. Na fito da 504 ɗin Baba, haɗin PAN, kamfanin haɗa Peugeot na nan Kakuri a Kaduna, na kai ta Panteka a sake mata fenti. Dattijon mai fenti ya ɗaga bonet, ya tofa yawu a babban yatsa, ya murza wani ɗan fallen alminiyam da maiƙo ya rufe. Sai ga lambobi sun fito. Ya ce, "Yaro, filet na nan, sitikar kala ce ta tafi."

Filet. Sitikar kala. Haba, a ce ba mu da namu?

2/ Kada wani ya ce "lambar mota". Wannan ta waje ce, hukuma ke bayarwa, gobe a sauya ta. Shi kuwa fallen nan da shi aka haifi motar: samfurinta, lambar shasi, nauyin da za ta ɗauka. Sai a 1981 Amurka ta tsayar da lambar shasi a kan gurbi 17, babu I, O da Q don kada a rikita su da 1 da 0. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa, shi ya sa masu tsofaffin motoci ke riƙe fallen kamar ƙwai.

3/ Wani ya kawo "katin shaida". Kati a aljihu yake zama, wannan kuwa kafe shi aka yi. "Tambari" kuma zakin Peugeot ya riga ya cinye. Wani ya ce "laya", na yi dariya, amma fa ba a nesa ya faɗi ba.

Ni na tsaya a kan allon asali. Allo ne, da rubutu, asali yake faɗa.

4/ Kalmar sitikar kala, mai ɗauke da lambar fenti, ce ta fi min daɗi: laƙanin fenti. Lambar ba kala ba ce, sirrin haɗi ne. A Mercedes, 040 baƙi ne. Ka faɗa wa mai haɗa fenti, ya san abin da zai zuba. In babu laƙanin, sai a koma aikin ido, a leƙa cikin ƙofa ko but inda rana ba ta ci ba.

5/ Na gwada kalmar a kan dattijon. Ya ce, "Laƙani? To naka ya ɓata, miƙo murfin tankin mai mu auna."