Katin sabuwar shekarar Sinawa na zanen hannu: me ya dace, me za a guje wa?

Mai zane, Agege:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina zana katin biki da na sallah da hannu. Maigidana yana sayo kayan wuta daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana sayarwa a kasuwar Alaba, kuma ya nemi in zana wa abokan cinikinsa na can katunan sabuwar shekararsu, domin ya aika kafin masana'antu su tafi hutu. Damuwata ita ce kada in zana abin da zai zama rashin ladabi a wurinsu alhali alheri nake nufi. Ina neman shawara.

Ɗan kasuwa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da launi. Ja da ruwan zinari su ne launukan murna a wurinsu, fari da baƙi kuwa na makoki ne, don haka kada su mamaye katin. Kada ki rubuta sunan mutum da jan tawada, suna ɗaukarsa mummunan fata. Idan za ki zana lemu ko fitila, kada su zama huɗu, domin furucin huɗu a harshensu ya yi kusa da na mutuwa. Takwas suka fi so. Ranar sabuwar shekarar tasu tana bin wata ne, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu.

Malama, Obalende:
Kowace shekara tana da dabbarta cikin dabbobi 12: 2026 ta doki ce, 2027 ta tunkiya. Amma idan kina guje wa zana mai rai kamar yadda nake yi, fitilun takarda, lemu da ganyensa, da reshen fure sun wadatar. Harafin da suke kira "fu", wato sa'a da albarka, wani lokaci da gangan suke kifa shi, saboda kalmar "kifewa" da ta "isowa" furucinsu ɗaya ne. Ki kai wa wani Basine a kasuwarsu ta Ojota ya duba rubutun kafin ki maimaita shi a sauran katunan.

Mai ɗab'i, Shomolu:
Anti, ki nemi takarda mai kauri, giram 300. Na taɓa gwada sirara, danshin Legas ya lanƙwasa ta kamar ganyen da ya sha rana. Ki manne gefunanta a jikin allo kafin ki shafa fenti, sannan ki bar tawadar zinarin ta kwana kafin ki naɗe katin.